Sakan Ashirin da Uku na Malam Ishaku

Ka taɓa ba wa mutum maki a kan abin da kai ko rabinsa ba za ka iya ba?

Kada ka yi saurin cewa a'a. Karanta wannan tukuna.

Wata rana, a Jos, wani saurayi mai suna Nazifi ya tsaya a gaban dandamali. Kowa yana tsalle, shi kuwa idonsa na kan wayarsa.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da yake kallo.

Akwai wani kiɗa da ake ce wa fawa metal. Na san da yawanku ba ku taɓa jin sa ba. Gita ce mai amo kamar injin niƙa, ganguna suna gudu ba hutawa, waƙoƙin kuma duk labarin mayaƙa ne da takubba da biranen da ba a taɓa ginawa ba.

Amma abu ɗaya masoyansa ke jira.

Wurin da mawaƙi zai ɗauki muryarsa ya haura da ita can ƙololuwa, siririya, mai kaifi, ya riƙe ta a nan har tsikar jikinka ta tashi.

A duk faɗin Jos masu son wannan kiɗa ba su wuce mutum arba'in ba. Suna da guruf a waya, sun sa masa suna Majalisar Ƙarfe. Da Musulmi da Kirista, da ɗalibi da makanike da ma'aikaciyar jinya. A gida ana musu kallon masu taɓin hankali, a guruf kuwa 'yan uwa ne.

Nazifi ne mai riƙe da jeri, shi ya sa suke ce masa Alƙali.

Lissafi ya karanta a jami'a. Aiki bai samu ba tukuna, yana zama a shagon wayoyin yayansa a kasuwar Taminus. Duk ƙarshen wata yakan fitar da jerin albam hamsin, daga na ɗaya har na ƙarshe, koriyar kibiya ga wanda ya hau, ja ga wanda ya sauka. A kan wannan jerin ake wuni ana musu.

Shi ne kuma ya ƙirƙiro abin da suka kira Dokar Dandamali.

Ga yadda take. A situdiyo inji na iya gyara murya, a yanka nan a liƙa can. Don haka albam ba ya riƙe matsayinsa sai mawaƙin ya maimaita a gaban jama'a abin da aka ji a faifai.

Laifi biyu ne ba a yafewa.

Na farko, a sassauta tsirkiyar gita, kiɗan ya sauko ƙasa kaɗan don mawaƙi ya samu sauƙin hawa.

Na biyu ya fi muni. A iso wurin hawan, sai mawaƙi ya miƙa wa jama'a makirufo su rera masa.

Duk wanda ya aikata ɗaya, sunansa ya zama ɗan situdiyo.

Shekara biyu suna yanke wa mawaƙan ƙasashen waje hukunci ta hanyar bidiyo. Ana dariya, ana zolaya, ba wanda ya ji ciwo.

Sai dai a cikin albam hamsin ɗin nan akwai guda ɗaya na 'yan gida.

Ƙungiyar sunanta Garwashin Dutse, mutum huɗu, a garejin mai gangarsu suke atisaye. Mawaƙinsu Malam Ishaku ne, malamin aji huɗu a wata firamare a Tudun Wada. Gajere, mai tabarau, ko magana ba ya yi da ƙarfi. In ka gan shi da alli a aljihu ba za ka ce shi ba ne.

A waƙa ta bakwai ta albam ɗinsu, mutumin nan ya hau ya riƙe murya sakan goma sha tara.

Nazifi ya ƙirga da kansa, ya fi sau ɗari.

Wata takwas albam ɗin yana zaune a lamba ɗaya, sama da na Turawa. Ba alfarma aka yi musu ba. Nazifi yakan ce shi ko mahaifinsa ne ya yi waƙa sai ya bi layi.

To, ranar da na fara ba ku labari, Asabar ce. Wasan su Garwashin Dutse ne a wani lambu a Rayfield. A Jos ana fara irin wannan bayan la'asar, a tashi kafin magariba, kowa ya isa unguwarsu ido na ganin ido.

Nazifi yana sahun gaba. A wayarsa akwai manhajar da masu gita ke saita kaya da ita, mai 'yar allura da ke nuna tsayin sauti.

Aka kaɗa gita sau ɗaya.

Allura ta karkata hagu.

An sassauta tsirkiya.

Ya ce wa kansa wataƙila sifikar ce. Ya matsa ɗaya gefen ya sake aunawa. Haka dai.

Ya haƙura ya jira waƙa ta bakwai.

Ganguna suka ɗau gudu, gita ta bi, wurin hawan ya matso. Malam Ishaku ya ja numfashi, ya ɗaga hannu.

Sai ya miƙa wa jama'a makirufo.

Mutum talatin suka rera a madadinsa, wasu da dashasshiyar murya, wasu suna dariya, wani yana hawaye. Ba a taɓa jin daɗin wasa irin na ranar ba.

Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba. Yana ɗaukar bidiyo.

Washegari da hantsi ya tura a guruf. Bidiyo, da hoton allura, da jeri sabo.

Garwashin Dutse, daga lamba ɗaya zuwa talatin da ɗaya. Jar kibiya doguwa. A gefen sunan Malam Ishaku, kalma biyu: ɗan situdiyo.

Guruf ya kama da wuta.

Zakka makanike ya rubuta: "Haba Alƙali. Jiya fa kowa ya ji daɗi."

Nazifi ya ce: "Ai ba daɗi muke aunawa ba, Oga Zakka. Daɗi a wurin mai tsire ma ana samu."

Ummita ta ce: "Ni na rera masa wurin, a saka ni a jeri mana."

Wani ya ce: "Ke da muryarki kamar ƙofar shago? Lamba hamsin da ɗaya."

Zakka ya sake cewa: "Kai Nazifi, ka taɓa rera ko waƙar fareti?"

"Mai awon gwal ba sai ya iya haƙa ba, Oga."

Aka yi ta jefa hotunan dariya.

Sun manta da abu ɗaya, ko kuma sun tuna bai dame su ba. Malam Ishaku yana cikin guruf ɗin.

Sai da yamma ya yi rubutu, layi ɗaya tak.

"Na gani. Mu haɗu Asabar ɗin ƙarshen wata."

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya bar Jos. Ya je guruf ɗin 'yan Kaduna, ya je na Abuja. Mutanen da ba su taɓa jin albam ɗin ba suka san Malam Ishaku da suna ɗan situdiyo. Nazifi kuwa ana ta yabon kunnensa. Har wani daga Legas ya nemi ya koya musu yadda yake tsara jeri.

Ya ji daɗi. Gaskiya ya ji daɗi ƙwarai.

Saura kwana uku wasan ƙarshen watan, yana shago yana manna wa wata waya gilashi, sai wata mata ta tsaya a kansa. Da lema a hannu, ruwa na ɗiga daga gefen zanenta.

Ya gane ta. Rifkatu, matar Malam Ishaku.

Ya miƙe. "Anti, sannu da zuwa. Ga kujera."

Ba ta zauna ba.

Ta ce tun kafin wancan wasan muryar maigidanta ke dashewa. Allin aji da ihun yara hamsin da safe, atisaye da yamma. Sun je asibiti, an leƙa maƙogwaronsa, an ga wani ɗan tsiro a jijiyar murya. Likita ya ce wata uku ba waƙa, magana ma a taƙaita. In ya matsa mata, jijiyar na iya fashewa, kuma ba lallai ta dawo ba.

Shi ya sa suka sassauta tsirkiya. Shi ya sa ya miƙa makirufo. Ya ƙi soke wasan ne don ya san mutane sun yi wata biyu suna jira.

Yanzu kuma ya sa a ɗaure tsirkiya yadda take, ya rantse sai ya hau.

"Na yi magana, fasto ya yi, abokan kiɗansa sun yi," ta ce. "Ba ya jin kowa. Kai zai ji. Ka rubuta a guruf ɗinku cewa ba sai ya yi ba."

Nazifi ya sosa ƙeya.

"Anti, wallahi ina girmama Malam. Amma doka ce. In na ɗaga wa na gida, me zan ce wa sauran?"

"Su wa ke nan sauran?"

"Mawaƙan waje da muka saukar."

Ta dube shi.

"Sun san kana duniya?"



"Shi Malam ya sani," ta ce. Ta buɗe lemarta ta fita.

Nazifi ya zauna ya ɗauki waya. Ya rubuta: "Jama'a, a ɗage wa Malam Ishaku doka, ba shi da lafiya."

Ya karanta. Ya tuna ɗan Legas. Ya tuna abin da za a ce, wai Alƙali ma yana da nasa.

Sai wata dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in yana neman hanyar gudu. Ya ce ai in da gaske ciwon ya kai haka, Malam ba yaro ba ne, ba zai hau ba. In kuma ya hau, to ashe ciwon bai kai ba. Ko ta ina lissafi ya fita.

Ya goge saƙon.

Asabar ta zo.

Wannan karon lambun ya cika. Har daga Kaduna wasu suka zo, don su ga ɗan situdiyo da idonsu.

Malam Ishaku ya hau dandamali da mayafi a wuya. Bai gaisa da kowa ba. Rifkatu tana can baya kusa da ƙofa, ta harɗe hannu.

Aka kaɗa gita.

Allura ta tsaya cak a tsakiya.

Waƙa ta ɗaya, lafiya. Ta uku, yana kurɓar ruwa tsakanin baiti da baiti. Ta biyar, Nazifi ya ji wani ɗan kaushi a ƙasan muryar, kamar yashi a cikin shinkafa. Kunnensa ai ba ya kuskure.

Tsakaninsa da dandamali taku uku ne. Ɗaga hannu kawai zai yi. Ko ya girgiza kai. Malam yana ganinsa.

Ya ɗaga waya ya danna agogo.

Waƙa ta bakwai.

Da aka iso wurin, Malam Ishaku ya cire tabarau, ya kama makirufo da hannu biyu, ya hau.

Jama'a, ya hau.

Muryar ta fita tsaf, siririya, ta fi ta faifai kyau. Tsuntsayen da ke kan bishiyar lambun suka tashi.

Goma.

Sha biyar. Jijiyar wuyansa ta fito kamar igiya.

Sha tara. Nan ya kamata ya saki. Mai ganga ya ɗago kai yana kallonsa.

Bai saki ba.

Ashirin. Ashirin da biyu.

Ashirin da uku.

Lambu ya rikice. 'Yan Kaduna suna dukan kujeru. Zakka ya rungume wanda bai sani ba. Nazifi ma yana ihu, yana nuna wa na kusa da shi fuskar waya.

Aka shiga waƙa ta takwas.

Malam Ishaku ya buɗe baki.

Iska ce ta fito.

Ya sake gwadawa. Sifika ta ɗauko wani sauti kamar ana yaga tsumma. Ya yi tari a cikin mayafinsa, ya duba, ya yi saurin naɗewa.

Gita ta tsaya. Ganga ta ƙara bugu biyu ita ma ta tsaya.

Rifkatu ta ratso jama'a. Ta hau dandamali, ta zare makirufo daga hannunsa ta ajiye a ƙasa, ta kama shi suka sauka. Sun wuce ta gaban Nazifi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

A daren ranar... a'a, ba a ma kai dare ba. Kafin a kira magariba guruf ya riga ya yanke: a mayar da Garwashin Dutse lamba ɗaya. Kowa ya yarda. Aka ce Alƙali ya fitar da sabon jeri.

Bai fitar ba.

Mako biyu yana cewa gobe zai je Tudun Wada. A na ukun Zakka ya zo shago ya ce masa, "Tashi. In ba ka san gidan ba ni na sani." Ya kai shi har ƙofa a kan babur, ya ce shi a waje zai jira.

Rifkatu ce ta buɗe. Ta amsa gaisuwarsa a gajarce, ta nuna masa falo.

Malam Ishaku yana zaune da bargo a kafaɗa. Ya rame. A cinyarsa akwai littafin rubutu irin na 'yan aji huɗu, da biro ɗaure da zare.

Ita ce ta yi bayani, tana tsaye. Jijiyar ta fashe. An yi aiki. Likita ya ce magana za ta iya dawowa bayan watanni, a dashe, ƙasa-ƙasa. Waƙa kam a manta da ita. Makaranta ta ba wani ajinsa, shi an mayar da shi ɗakin ajiyar littattafai, inda ba sai ya yi magana ba.

Shekara goma sha huɗu yana koyarwa.

Nazifi ya durƙusa a gefen kujera. Duk jawabin da ya tsara a hanya ya gudu.

"Malam, ka yafe mini. Anti ta zo ta faɗa mini komai. Na sani, kuma na yi shiru."

Malam Ishaku ya daɗe yana kallonsa. Babu fushi a fuskarsa, kuma da akwai da ya fi sauƙi.

Ya ɗauki biro. Rubutunsa irin na malamai, manya-manya, a tsaye. Ya juya littafin.

"Ba kai ka buɗe mini baki ba."

Nazifi ya fara sakin numfashi.

Malam ya ja littafin ya ƙara layi ɗaya.

"Amma kai kaɗai nake kallo."

Rifkatu ta ce lokacin maganinsa ya yi.

A waje Zakka ya tambaye shi me Malam ya ce. Nazifi ya hau bayan babur, ya ce su koma Taminus.

Majalisar Ƙarfe tana nan har yau. Ana tura waƙoƙi, ana gaisuwar Juma'a da ta Lahadi. Garejin mai ganga kuwa yanzu buhunan dankali ne a ciki.

Darasi:

Mun zama al'ummar masu ba da maki. Mai waƙa, mai girki, mai ɗinki, mai wa'azi, ɗan ƙwallon unguwa, kowa muna da lambar da muka ba shi. Kuma mun koyi wannan hali ne a kan mutanen nesa, waɗanda maganarmu ba ta isa kunnensu. Sai hannu ya saba. Ranar da na kusa ya shigo layi, da wannan hannun muke dukansa, mu ce adalci muke yi.

Ba adalci ba ne ka auna wanda ba ya jin ka da wanda ke jiran abin da za ka ce da mudu ɗaya.

Ban ce a daina faɗin gaskiya a kan aiki ba. Kunnen Nazifi bai yi ƙarya ba, an sassauta tsirkiya, an miƙa makirufo. Tambaya ɗaya ce bai yi ba kafin ya tura: me ya sa? Kiran waya na minti biyu ne. Da aka kawo masa amsar har shago kuma, sai ya zaɓi sunansa na Alƙali a kan maƙogwaron mutum.

Dokar da kai ka rubuta, kai ke da ikon ɗage ta. In ka ƙi, kada ka ce doka ce ta hana.

Kuma ku masu hawa dandamali kowane iri ne, jikinku ba hujja ba ce da za ku miƙa wa masu shakka. Su za su tafa su koma gida.

Yanzu ga abin da nake roƙo.

Buɗe guruf ɗin da ka fi surutu a ciki. Nemo mutum na ƙarshe da kuka yi wa dariya, wanda ka san zai iya karantawa. Kira shi yau, ka tambaye shi lafiyarsa kafin ka tambaye shi aikinsa.

Sannan ka tura wannan ga alƙalin guruf ɗinku. Kowane guruf yana da nasa. In ka duba ba ka gan shi ba, to ajiye shi a wayarka ka sake karantawa.